Rigar Baba da Rafin da ke Jiran Sanyi

Ya kai mai karatu, yau labarin kalma guda na kawo maka. Kalmar kuwa ta Ingilishi ce, irin wadda ko a ƙasar masu ita ba kowa ke furta ta ba. Za ka ce, mi ya haɗa malamin yaƙi da jahilci da kalmar da masu ita ma ba su cika tunawa da ita ba? Ka yi haƙuri ka biyo ni. Wagga kalma ta sa na ji kunya gaban ɗalibaina, daga baya kuma ta koya mini abin da ban samu ba a makarantar horon malamai.

Ina karantar da manya da dare a wata unguwa ta Maraɗi, can wajen gangaren gulbi. Cikin ɗalibaina akwai wani dattijo mai garka, wanda duk aji ke ce ma Baba. Ya haura shekara 70, amma ba ya fashi, kuma tun da ya gane baƙaƙe ba ya barin rubutu ya wuce shi. Buhun taki, kwalin shayi, bayan mota, duk sai ya tsaya ya haɗa.

Wani dare cikin watan Disamba, ɗari ya sauka, hazo ya rufe gari, sai ga Baba da rigar sanyi ta gwanjo, irin kayan da muke ce ma bosho. A ƙirjinta akwai hoton ƙwallo da rubutu da farin zare. Kafin mu soma darasi ya miƙe, ya ja rigar da hannu biyu, ya ce: "Malam, yau na karanta rigata da kaina." Ya shiga kiran baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, su 12, bai yi kure ko guda ba, don dukansu akwai su cikin baƙaƙen Hausa. Ni kuwa ina rubutawa bisa babban allo: WINTERBOURNE. Aji ya tafa mishi. Sa'an nan ya ce: "To, Malam, mi take nufi?"

Nan fa ake yin ta. Ingilishina na kwaleji ne, ɗan abin da ba a rasa ba. Rabin farko na san shi: winter shi ne lokacin sanyi a ƙasashen Turawa. Rabi na biyu ban taɓa gamuwa da shi ba. Amma idanu sun fi arba'in a kaina, kuma ka san halin malami, kalmar "ban sani ba" tana yi mishi nauyi a baki. Sai na tuna da borne ta Faransanci, wato dutsen da ake kafawa bakin hanya don nuna kilomita, ko wanda masu awon fili ke dasawa a kusurwar fegi. Na ce a raina, ai dangi ne. Na gyara murya na ce: "Baba, ma'anarta iyakar sanyi."

Aji ya ɗauki sowa. Riga ce ta sanyi, an rubuta mata iyakar sanyi, wa zai yi gardama? Baba ya koma ya zauna yana murmushi. Kafin mako ya kewayo, duk masu garka na gefenshi sun san sunan rigar.

Ni kaɗai ban samu barci mai daɗi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da gari ya waye na tafi wurin wani abokina mai koyar da Ingilishi, munka buɗe babban ƙamus, munka ƙara da bincike cikin salula. Ga abin da na samo, kuma shi nike so in ba ka a tsanake.

Ana furta kalmar kamar "wintabon". Ma'anarta ƙaramin rafi wanda ke gudu lokacin sanyi, in zafi ya yi nisa ya ƙafe, ya bar busasshiyar hanya. Gaɓar farko na dace da ita. Gaɓa ta biyu, bourne, ita ce rafi. Ta fito daga burna ta tsohon Ingilishi, wadda ke nufin idon ruwa ko rafi, kuma danginta ne Brunnen ta Jamusanci, wato rijiya. Ka riƙe wannan zance na rijiya, za mu komo gare shi.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne, ashe Ingilishi yana da wata bourn ta biyu mai ma'anar iyaka, wadda aka aro daga borne ta Faransanci cikin ƙarni na 16. Shakespeare ya yi amfani da ita a wasanshi Hamlet, wurin da yake maganar mutuwa. Kalmomi biyu ne, rubutu kusan ɗaya, furuci ɗaya, amma ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Kamar dai yadda muke rubuta gari na zama da gari na tuwo. Na kama wadda ba ita ba. Kama da wane ba ta wane, in ji masu iya magana.

To, mi ya sa rafi zai zaɓi lokacin sanyi? Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Kudancin Ingila, a yankuna irin su Wiltshire da Dorset da Hampshire da Berkshire, tuddai ne masu ciyawa, ƙarƙashinsu farin dutse mai taushi, dangin allin da muke rubutu da shi. Shi ne farin dutsen da ke tsaye bakin teku a Dover. Dutsen nan cike yake da ƙananan ƙofofi da tsage-tsage, yana shan ruwa kamar soso. A Ingila ana ruwan sama kowane wata na shekara, ba su da damana da rani irin namu. Amma ruwan da ya sauka lokacin zafi, rana da itatuwa da ciyawa ke shanye mafi yawanshi. Daga wajen Oktoba zuwa Maris kuwa rana ba ta da ƙarfi, ganye ya zube, sai ruwan ya samu sukunin nutsewa cikin dutsen. A hankali ruwan ƙarƙashin ƙasa ya riƙa hawa, mako bayan mako, har ya kai bakin ƙasa a cikin kwari. Sai idanun ruwa su fashe, rafi ya tashi. Yawanci yakan soma tsakiyar sanyi, ya yi ta gudu har farkon zafi. In ruwan ƙasa ya sauka, idon da ke can sama ya fara mutuwa, na ƙasa da shi ya bi, har rafin ya janye zuwa wurin da ruwa ba ya yankewa. Shekarar da sanyi ya zo da ƙarancin ruwa, wani rafin ba ya tashi ko kaɗan.

Saboda haka sau da yawa winterbourne kan kogi ne kawai, wato sashen sama mai zuwa yana komawa, alhali sashen ƙasa yana gudu duk shekara. Haka kogin Kennet yake, haka Lambourn. Ruwan kuwa garau yake, don dutse ya tace shi. Kifi kan hau can ya yi ƙwai in ruwa ya zo. Akwai ma ƙananan ƙwari da ƙwansu ke kwance cikin busasshiyar hanyar wata da watanni suna jira, kamar yadda gaiwa ke jiran damana cikin laka.

Yanzu sai yadda ake amfani da kalmar. In ka tare mutumin Landan a hanya ka tambaye shi, da wuya ya ce maka rafi ce. Abin da zai fi tunawa shi ne sunan gari. A bakin masana ruwa da ma'aikatan kula da koguna da mutanen ƙauyukan yankin ne take da rai har yau. Amma a taswira ta yi ƴaƴa da jikoki. A Wiltshire akwai Winterbourne Stoke kusa da tsofaffin duwatsun Stonehenge, akwai Winterbourne Bassett da Winterbourne Monkton a saman Kennet, akwai Winterbourne Gunner da Winterbourne Earls da Winterbourne Dauntsey a jere bakin wani kogi da sunanshi ma Bourne. A Dorset akwai Winterbourne Abbas, da waɗansu da ake rubutawa ba harafin u, kamar Winterborne Kingston da Winterborne Stickland. Dalilin suna na biyu a fili yake: ƙauyuka da yawa sun zauna bakin rafi guda, kowane yana amsa sunan rafin, dole a ƙara wani abu don a bambanta su, kamar yadda muke da Gidan wane da Gidan wane. Sunayen kuwa tsofaffi ne ƙwarai. Suna cikin littafin Domesday, babban littafin ƙidayar filaye da dukiya da Sarki Wiliyam ya sa anka rubuta a 1086. Rigar Baba daga ɗaya cikin garuruwan nan masu yawa ta fito.

Ita bourne kaɗai ma tana ɓoye cikin sunayen da ka saba ji a rediyo. Bournemouth, garin da masu son ƙwallo sunka sani, ma'anarshi bakin rafin Bourne, inda yake faɗawa teku. A arewacin Ingila da Sikotilan kalmar ta zama burn, ita ce a ƙarshen Blackburn, ita ce a Bannockburn inda anka gwabza yaƙi a 1314. Har Melbourne ta Ostareliya, wadda anka raɗa ma suna a 1837 don girmama firaministan Ingila na lokacin, asalin sunan wani ƙaramin gari ne a Ingila, ma'anarshi rafin injin niƙa.

Kuma kowane yanki da nashi suna ga irin wanga rafi mai zuwa yana komawa. Mutanen Kent suna cewa nailbourne, tsofaffinsu har suna cewa shekara bakwai-bakwai yake tashi. A Sussex da Hampshire ana cewa lavant. A gabashin Yorkshire ana cewa gypsey. Ban da su ga brook ta kowa da kowa, ga beck ta arewa wadda ta zo da mutanen Bikin masu jiragen ruwa. Mutanen da ke zaune da abu su ke yanka mishi sunaye da yawa.

Na tattara duk wannan cikin kaye, amma babban aiki yana gaba. Daren Litinin na shiga aji da ƙoƙon ruwa da guntun alli. Na ce: "Jama'a, kafin darasi ina da bashi. Baba, ka gafarce ni. Ranar nan ka tambaye ni, ban sani ba, na ƙaga maka amsa. Rigarka ba iyakar sanyi take cewa ba."

Aji ya yi tsit. Baba ya dube ni ya ce: "To, mi take cewa, Malam?"

Na ce: "Rafin lokacin sanyi."

Sai dariya ta ɓarke. Wani matashi daga baya ya ce: "Mushe, ta farko ta fi kama da gaskiya! Wane rafi ke gudu da ɗari?" Ka ga laifinshi? A wurinmu lokacin ɗari lokacin ƙura ne da fasau, gulbi ya koma rairayi. Gaskiyata ta fi ƙaryata wuyar shiga kunne.

Na ɗauki allin, na riƙa ɗiga mishi ruwa da yatsa. Ɗigo na farko ya ɓace, na biyu ya ɓace, na biyar ya ɓace. Can sai allin ya ƙoshi, ruwa ya soma tsattsafowa yana bin hannuna. Na ce musu haka ƙasar can take, tana sha tana ajiyewa, sai ta ƙoshi take bayarwa.

Matashin ya ce: "Ashe gebe ne, irin namu." Na buɗe baki zan ce i, sai Baba ya ɗaga hannu.

Ya ce: "A'a, yaro. Gebe ɗan hadari ne. In anka yi ruwa da dare, kafin asuba ya zo, ja wur, da itace da mushen akuya, kafin azahar ya wuce. Wanga da Malam ke faɗi daga ƙasa yake fitowa, kuma a makare. Ni na san shi. Rijiyar garkata ba ranar da anka yi ruwan farko take cika ba. Sai damana ta yi nisa, wajen kaka, za ka ga ruwa ya hau har guga ba ta shan igiya. Da bazara kuwa sai mun ƙara igiya. To, wanga rafi nasu rijiya ce ta cika ta tumbatsa, ta kama hanya."

Ya kai mai karatu, na yi shiru. Na kwana biyu cikin ƙamus kafin in gane cewa tushen kalmar yana da dangantaka da rijiya. Baba bai san ko harafi guda na Jamusanci ba, amma igiyar gugarshi ta kai shi inda littafi ya kai ni. Wani ɗalibi mutumin Matamaye ya ƙara da cewa a ƙoramar ƙasarsu ma, inda ake noman rake, ruwa kusa yake, wani wuri da hannu ake tono shi. Ranar nan ni ne ɗalibi.

Da munka natsu sai na ba su sauran labarin, wanda shi ne ya fi tsaya mini a rai. Rafin da ke ɓacewa yana da haɗari guda: mutane suna mance shi. In anka jera shekaru bai tashi da ƙarfi ba, sai a ga fili ne kawai mai ciyawa, a matse hanyar, a yi gini, a shimfiɗa kwalta. A watan Janairu na 1994, bayan ruwa mai yawa, kogin Lavant, wanda ke bushewa lokacin zafi, ya cika ya fi ƙarfin hanyar da anka bar mishi cikin birnin Chichester. Ya mamaye hanyoyi da gidaje, anka yi kwanaki ana tsotse shi da injuna. A farkon 2014 kuma, a ƙauyen Hambledon na Hampshire, ruwan ƙasa ya taso ya bi babban titin garin makonni da yawa. Irin wanga ruwa buhun rairayi a ƙofa ba ya tsare shi sosai, don ta ƙarƙashin daɓe yake ɓullowa. Ga kuma haɗari ta ɗaya gefen: inda ake zuƙe ruwan ƙasa da yawa don shayar da birane, rafin yakan makara wajen tashi, ya yi saurin ƙafewa.

Baba ya girgiza kai ya ce: "Ruwa ba ya mance hanyarshi, mutum ne ke mancewa." Ya ba mu labarin da ya ji daga bakin mahaifinshi, na shekarar 1945, lokacin da gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, har anka tashi anka koma bisa tudu. Ba wanda ya yi dariya, don damanar 2024 ba ta yi nisa ba, kuma cikin ajin akwai waɗanda ɗakunansu sunka faɗi a cikinta.

A nan ne na gane amfanin wagga kalma. Mutumin da ya fara kiran ƙauyenshi Winterbourne, shekara kusan dubu ko fiye da ta wuce, wasiyya ya bar ma jikokinshi. Yana ce musu: wurin nan da kuke gani busasshe yana da mai shi, ya yi tafiya ne, zai komo. Ido yana ganin abin da ke nan yau. Suna kuwa yana riƙe da abin da ya faru bara da bara waccan da zamanin kakanni. In sunan ya zama ƙara kawai a baki, ba wanda ke jin ma'anarshi, to wasiyyar ta faɗi ƙasa.

Daren nan ba mu yi darasin lissafin da na shirya ba. Na raba allo biyu. A hagu na rubuta kalmomin Ingilishi da na samo. A dama na ce kowa ya kawo tamu. Sai ga su suna zubowa: kogi, gulbi, rafi, ƙorama, gebe, kwazazzabo, fadama, tabki, idon ruwa, marmaro. Gardama ta tashi kan bambancin rafi da ƙorama, tsofaffi suna gyara ma matasa. Na lura da abu guda: matasan sun san kalmomin, amma da yawa ba su iya bambanta su ba, kome ruwa ne a wurinsu. Kowa ya kwafe jerin cikin kayenshi da hannunshi. Ban taɓa ganin sun yi rubutu da marmari kamar na ranar ba.

Ga roƙona gare ka, kai da ka iya karatu yanzu. Ka samu dattijon garinku ko tsohuwar unguwarku, ka tambaye su sunan kowane kwari da kowace hanyar ruwa da ke kewaye da ku, har waɗanda sunka daɗe ba su kawo ruwa ba. Ka tambayi ma'anar sunan, da shekarar da ruwa ya bi ta nan na ƙarshe, da inda ya tsaya. Ka rubuta, ka ajiye, ka karanta ma ƴaƴanka. In za ka sayi fegi, ka tambayi tsohon sunan wurin kafin ka tambayi kuɗinshi. In kuwa ka aiko muna da abin da ka tattara, sauran masu karatu za su ƙaru.

Ga ƴan'uwana malamai kuma, kalma guda: in ɗalibi ya tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce mishi sai gobe. Da na tsaya kan ƙaryata, da Baba yana nan yana yawo da iyakar sanyi a ƙirji, ni kuwa da ban ji zancen rijiya mai tafiya ba.

Har yanzu Baba yana sa rigar in ɗari ya sauka. Masu garka sun ƙi sakin tsohon sunan, sun ce ya fi daɗin faɗi. Amma duk wanda ya kira ta iyakar sanyi a gabanshi, sai ya tsaida shi, ya ja rigar da hannu biyu, ya karanta mishi baƙaƙen nan 12, sa'an nan ya ba shi labarin wata ƙasa mai farin dutse inda rafi ke jiran sanyi.

Allah ya ƙara muna sani mai amfani, ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu daga sharrin ruwa. Amin.